Gefen Dama na Motar Alhaji Lawal

Da sunan Allah nake farawa, wanda cuta ba ta sauka sai da izininSa, sauƙi ma sai daga gare Shi.

A daminar shekarar da gwamnati ta janye tallafin man fetur, lokacin da masu motoci da yawa suka jingine su a gida suka koma kan babur, a lokacin ne Alhaji Lawal ya sayi mota mai tsada, ni kuma na rasa amfanin gwiwata ta hagu. Ina rubuta yadda abin ya kasance ne domin irin motocin nan sun fara yawa a tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, kuma na ji yadda masu su ke yabon su.

Sunana Malam Sule. A Kurfi nake zaune, ina sayar da littattafan addini da carbi da turare a kasuwannin ƙauyuka. Kafin wannan abu ni ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu, kuma da yake liman ya tsufa, mafi yawan salloli ni nake ja. Alhaji Lawal ɗan kasuwar hatsi ne. A zaure ɗaya muka yi karatu tun muna yara, sai shi ya bi kasuwa ni na bi littafi. Shekaru masu yawa duk kasuwar da zai ci, a motarsa nake tafiya, akwatin littattafaina a kan buhunan gero a baya, ni a kujerar gaba.

Tsohuwar motarsa a-kori-kura ce, madubinta na dama ya daɗe da karyewa. Ko da yana nan ma, duk direba ya san akwai wani gefe, daga ƙofar baya zuwa wutsiyar mota, da madubi ba ya kamawa. Saboda haka muke da al'adarmu, irin ta kowane direba da abokin tafiyarsa a ƙasar nan. In zai karya kwana ko zai sauka daga kwalta, sai ya ce, "Malam, dama?" Ni kuma in leƙa ta taga in ce lafiya, ya shiga, ko in ce ya dakata ga mai amalanke. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Kamar gaisuwa yake, baki yana faɗa ba tare da an yi tunani ba.

Ranar da aka kawo sabuwar motar daga Kano, ya kira ni in sa mata albarka. Bayan addu'a ya ɗauke ni muka hau hanyar Dutsin-Ma domin in ga abin mamaki. Wata mota ta taho ta gefenmu, sai ga 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunna a cikin madubin gefe. Motar ta wuce, fitilar ta mutu. Ya yi ta dariya yana dukan sitiyari.

"Ka gani ko, Malam? Ta karɓe maka aiki. Kuma ita ba ta cin goro."

Na tambaye shi ko ta iya addu'ar tafiya. Ya ce wannan kam an bar mini. Muka yi dariya tare, ban riƙe komai a zuciya ba. Amma a hankali kujerar gaba ta koma ta baƙin da ke zuwa sayen hatsi daga nesa, akwatina kuma ya zama abin da zai yage kujerun fata. Bai taɓa cewa kada in bi shi ba, ni ma ban tsaya sai ya faɗa ba. Na gyara tsohon babur ɗina na ci gaba da cin kasuwannina, ga mai ya yi tsadar da ribar littafi ba ta ɗauka.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, an kwana ana ruwa. Na dawo daga suna a Birchi, ina shiga Kurfi sai na hango motar Alhaji a gabana tana tafiya a hankali, bayanta duk ya sha jar laka har ba a ganin lamba. A wurinmu mutum ba ya wuce abokinsa bai gaisa ba. Na ƙara wuta na matsa ta gefen dama, gefen da na saba, da niyyar in daidaita da taga in yi masa sallama. Ina kusa da ƙofar baya sai motar ta karyo kaina, za ta shiga layin sitonsa. Na ji ƙarfe ya matse ƙafata da injin babur, sai ga ni a cikin kwata, babur a kaina. Ban suma ba. Na ga wandona ya jiƙe, na ga wani farin abu ya huda shi a ƙasan gwiwa, ban gane ƙashina ne ba sai da wani ya yi salati ya kau da kai.

Alhaji ya fito a guje. Da ya ga ni ne, ya ɗora hannu a ka. Magana ta farko da ta fito daga bakinsa, kafin sannu, kafin innalillahi, ita ce wallahi fitilar ba ta kunna ba. Ya faɗa mini, ya juya ya faɗa wa jama'ar da suka taru.

A ranar aka kai ni asibiti a Dutsin-Ma, aka wanke ciwon aka ɗinke abin da zai ɗinku. Hoton ƙashi sai da muka jira aka kawo wuta. Likitan da ya duba ya ce karayar ta shiga cikin gwiwa, aikin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a Katsina. Nan fa 'yan uwa suka kasu. Yayata Hauwa, wadda ita ta goye ni, ta ce in dai tana da rai ba za a kai ni inda ake yanke ƙafa ba. Ta lissafo mutanen da aka kai birni da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya, ta kuma lissafo waɗanda wani mai ɗori a wajen Kutawa ya warkar. Matata Binta ta ce a bi maganar likita. Amma muryarta ɗaya ce, masu zuwa dubiya kuwa kowa da labarin ɗan uwansa da ɗori ya tayar. Ni kaina tsoron wuƙa nake ji. Na ce a kai ni Kutawa.

Ba zan zagi mai ɗorin ba. Dattijo ne mai tsoron Allah, na ga waɗanda suka zo a ɗauke suka koma da ƙafarsu. Amma su karayarsu a rufe take, tawa kuwa da rauni a buɗe. Ya sa ƙarti suka danne ni, ya ja ƙafar har na daina jin muryata, ya shafa man shanu da magani, ya jera karare ya ɗaure tamau. Ya ce kada a kwance sai ya ce.

Mako na biyu na yi shi da zafi irin wanda na ɗauka na warkewa ne. A mako na uku zazzaɓi ya shigo. Da rana in yi ta rawar sanyi ana lulluɓa mini bargo, abinci ya fita raina, yatsun ƙafar suka kumbura suka yi sheƙi. Na lura Binta ta fara ƙona turare a ɗakin ba dare ba rana, turaren da nake sayarwa, mai tsadar ma. Na yi mata faɗa a kan ɓarna. Sai daga baya na gane wari take rufewa don kada masu dubiya su ji. Ranar da ta ga ruwa mai launin kunu yana ɗigowa ta tsakanin kararen, ba ta nemi shawarar kowa ba, har ni. Ta yafa mayafi ta hau motar haya zuwa Kurfi, ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji ta ce a gaya masa in ba a kai mijinta Katsina yau ba, gobe sai dai a zo ɗaukar gawa.

Ya zo da kansa, da motar nan, an wanke ta tana ƙyalli. Na ce ba zan shiga ba. Yaya Hauwa ta ce zazzaɓi ne ke magana. Na ce ko zazzaɓi ne, ba zan shiga ba. Sai da aka aika aka kawo tsohuwar a-kori-kura, aka shimfiɗa katifa inda buhuna ke zama, aka kwantar da ni. A haka muka tafi, ana sauri don a isa kafin yamma, domin a lokacin hanyoyinmu ba sa biyuwa in rana ta yi sanyi saboda ɓarayin daji.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba, ya roƙi Allah ya bar shi a haka. Layin yankar kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi sai an nuna takardar na baya. Binta ba ta karatun boko, ni nawa karatun ajami ne, ga shi duk rubutun bango da na takardu da Turanci. Ta yi ta yawo da takarda a hannu tana tambayar masu shara ina ne nan. Na wuni a baranda a kan katifata, ƙudaje suna bin ƙafar, kafin a sami gado. Da aka kwance ɗaurin, nas ɗin da ta kwance ta fita waje ta ɗan tsaya kafin ta dawo. Likitan ƙashi saurayi ne, bai kai ɗan farina ba. Ya duba, sannan ya faɗi maganar da har yau nake ji: "Baba, da kun ƙara 'yan kwanaki, ba maganar gyaran gwiwa za mu yi ba, maganar inda za mu yanke za mu yi."

Aka nemi jini, ɗalibaina da nake karantarwa a zaure suka zo daga Kurfi suka bayar, Allah ya saka musu. Aka shiga da ni tiyata har sau biyu, na farko don a kankare ruɓa, na biyu don a haɗa ƙashi. Na farka na tarar an soka mini ƙarafa ta waje, daga cinya zuwa ƙwauri, kamar an jingina mini ƙaramin tsani. Kullum da safe wankin ciwo. Ni da nake yi wa mutane wa'azin haƙuri, sai ga ni ina cizon rawanina don kada yaran da ke gadajen kusa su ji kukan malam. Komai sai an saya, daga auduga har safar hannun da za a taɓa ka da ita. Wata rana a ce maganin da aka rubuta babu shi a ciki, sai a waje. Wata rana a ce likita yana ɗakin tiyata, a dawo gobe, alhali kai ko tafiya ba ka yi balle dawowa. Amma a cikin wannan wuri akwai wata nas dattijuwa da kullum take juya mini gadon ya fuskanci alƙibla ba tare da na roƙa ba, take kuma ajiye mini dutsen taimama a ƙarƙashin matashi. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a.

Binta ta yi wata biyu da wani abu tana kwana a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi tare da sauran masu jinya, ruwa ya dake su, sauro ya ci su. Ita ke ɗauke fo, ita ke goge mini jiki, ita ke juya ni don kada bayana ya yi gyambo. Ta sayar da tumakinta da ta yi shekaru tana tarawa, tun kafin kowa ya sani, don ba ta son kullum a miƙa wa Alhaji hannu. Yaya Hauwa ta zo ta zauna a bakin gado tana kuka, tana cewa ita ta ja mini. Na ce mata ni na ce a kai ni, ta bar wannan magana.

Dole in faɗi gaskiya game da Alhaji Lawal. Kuɗin tiyata shi ya biya, duka biyun. Gidana bai rasa hatsi ba ko sau ɗaya. Duk mako sai ya zo, da kaji da lemo da madara. Wanda zai yi abin da ya yi a wannan zamani ba shi da yawa, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya tuna mini da haka. Amma duk zuwan da zai yi, in ya sami mutum biyu a wurin, sai ya sake ba da labarin. Yadda ya sa sigina. Yadda ya dubi madubi. Yadda fitilar ba ta kunna ba. Jama'a su girgiza kai, su ce kayan Nasara ba abin yarda ba ne, su ce ƙaddara ce. Wasu su ƙara da cewa ai shi ma malam da bai bi ta dama ba. Na yarda ƙaddara ce, ban taɓa shakka ba. Na kuma yarda bin dama kuskure ne, kuma a jikina na biya. Amma ina kwance ina sauraron labarin da aka ba wa kowa rabonsa na laifi, mota da ni da ruwan sama, ban da mutumin da ke riƙe da sitiyari. Kajin nan da ƙyar suke wuce mini maƙogwaro.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani mai gyaran wutar mota, ɗan cikin Katsina, wanda shi ma babur ya karya. Mutum ne mai surutu, duk ɗakin rewaya muke ce masa. Ranar da ya ji labarin a karo na uku ko na huɗu, sai ya tashi zaune ya ce wa Alhaji ya yi haƙuri zai sa baki. Ya ce fitilar madubi ba ita ke gani ba, saƙo kawai take isarwa. Abin da ke gani wata 'yar na'ura ce, su sansa suke ce mata, tana ɓoye a cikin bamba ta baya, ɗaya a kowace kusurwa. In laka ta yi kauri a wurin, ta makance. Ya ce da yawansu ma ba sa farkawa sai mota ta ɗauki gudu, a tafiyar cikin gari barci suke yi. Ya ce an yi su ne don ƙasashen da mota ke bin layinta, wata motar na bin nata, shi ya sa abu siriri kamar babur ko keke ko mutum a ƙafa wani lokaci su gan shi, wani lokaci su wuce shi. Masu ƙera su da kansu, in ji shi, sun ce taimako ne, ba su ce a daina waiwaye ba. Sannan ya tambayi Alhaji ko a ranar motar ta yi masa wani rubutu a gaban sitiyari.

Alhaji ya ce ai kullum cikin rubutu take, da Turanci, kuma makanikensa ya ce duk motar da aka shigo da ita daga waje haka take, kada ya kula. Rewaya ya ce to mai yiwuwa a ranar cewa take yi idona ya toshe, ka duba da naka.

Na ɗauka a nan maganar za ta ƙare. Na zuba wa Alhaji ido. Sai ya juyo gare ni fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya, ya ce, "Ka ji ko, Malam? Ashe laka ce."

Tun daga ranar labarin ya sami sabon mai laifi. Na juya fuskata bango na ce barci nake ji.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe, in yana da irin motar nan ko yana shirin saya. Fitilar in ta kunna, ka gode mata. In ba ta kunna ba, ba ta ce maka babu kowa ba, shiru kawai ta yi, kuma ba ka san dalilin shirun ba. Hanyoyinmu laka ce da damina, kuma masu bin gefenka a nan ba motoci ba ne, masu babur ne da masu keke da mata da kaya a ka. Wanda kuma ya karye ƙashi ya fito waje, ya wuce asibiti kai tsaye ko duk dangi za su yi fushi.

Bayan an cire ƙarafan aka sallame ni, na dawo gida da sanduna biyu. Aka rubuta mini gashin ƙashi a Dutsin-Ma. Wata bayan wata ana danna gwiwar, ana lanƙwasa ta da ƙarfi, ina gumi ina ambaton Allah. Ta ɗan ba da kai, sannan ta tsaya. Da na koma Katsina, likitan ya riƙe ta ya motsa, ya ce ruɓar ta ci wurin da ƙashi ke juyawa, abin da ta bayar yanzu shi ne iyakarta. Na tambaye shi sujada fa. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi a zaune.

Mai sallah ya san a kan ƙafar hagu ake zaman tahiya. Ranar da na koma masallaci, an ajiye mini farar kujerar roba a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Bayan sallah liman da dattawan unguwa suka kewaye ni da kyakkyawar magana, suka ce in huta, wani daga cikin ɗalibaina zai riƙa jan sallah kafin in ƙara samun ƙarfi. Duka mun san babu wani kafin. Hukuncin daidai ne, mai zaune ba ya jan masu tsaye, ni na karantar da su shi. Amma na koma gida na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Goshina ya yi shekaru yana taɓa ƙasa sau da yawa a yini, yanzu sai dai in duƙar da kai a iska. Har tabon da ke wurin ya fara dushewa, Binta ce ta fara lura.

Da watan Sha'aban ya kama, aka ce Alhaji zai tafi Umra ya yi azumi a can. Kamar yadda aka saba, mai tafiya ƙasa mai tsarki yakan bi gida gida yana neman a yafe masa, domin haƙƙin da ke tsakanin bawa da bawa sai mai shi ya yafe. Ya iso zaurena bayan la'asar tare da mutum biyu daga cikin yaran kasuwarsa. Aka gaisa. Ya ce to Malam, tafiya ta zo, abin da aka yi wa juna na sani da na kuskure a yafe. Amsar a bakin kowa take, ko ƙaramin yaro ya iya ta. Na buɗe baki ta ƙi fitowa.

Na ce, "Me zan yafe maka, Alhaji? Kai ba ka yi mini komai ba. Fitila ce da laka. In sun shirya tafiya Umra, ka turo su."

Ya tambaye ni me ya rage bai yi ba, a cikin abin da mutum zai yi wa ɗan uwansa. Na ce babu, ya yi komai, Allah ya saka masa. Ya jira. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, mutanensa suka bi shi suna kallon ƙasa.

Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Yaya Hauwa ta zo ta ce na kunyata gidanmu, mutumin da ya ciyar da 'ya'yana. Liman ya aiko a kira ni, ya tuna mini falalar mai yafiya, ya ce ba ya so in shiga azumi da ƙulli a zuciya. Duk abin da ya faɗa na sani, na sha faɗa wa wasu. Na ce masa ina so in yafe, wallahi ina so, don nauyin ya ishe ni. Amma in na ce na yafe abin da mai shi ya ce bai yi ba, bakina ne kawai zai faɗa, kuma Allah yana ganin zuciya. Binta kaɗai ba ta ce mini komai ba. Da na matsa mata, ta ce ita da ta ɗauki fo ba za ta koya mini abin da zan yafe ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ranar tashinsa tana matsowa. Na shiga tsoro iri biyu, kada ya tafi ya mutu a can da haƙƙina a wuyansa, kada kuma ni in mutu a nan da ƙin yafiya a nawa.

Ana gobe zai tafi, ranar gashina ce. Na fito da sandata da safe zan nemi mai babur da zai yarda in miƙe ƙafa, sai na tarar da motar a ƙofar gida. Shi kaɗai ne a ciki. Ya riga ya tura kujerar gaba baya har ƙarshe don ƙafata ta sami wuri. Ya ce zai kai ni Dutsin-Ma. Na tsaya ina kallon ƙofar baya ta dama, inda aka yi sabon fenti. Sannan na yi bisimilla na shiga.

Da muka zo bakin layin sitonsa, ya ce bari ya ajiye saƙo, ya sa sigina. Amma bai karya ba. Ya taka birki a daidai wurin, kwatar tana nan yadda take, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

"Sule," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana tun muna zaure. "Ranar nan ban waiwaya ba. Fitilar na kalla, na ga ba ta kunna ba, na karya. Tun kafin in buɗe ƙofa na san haka. Ni na karya ka. Ka yafe mini."

Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa in wannan rana ta zo, maganganu masu tsawo, wasu masu ɗaci. Ko ɗaya ban tuna ba. Na ce na yafe maka, Lawali, duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya sa hannun riga ya goge fuska. Na ce in ya je ya yi sujada a gaban Ɗakin Allah, ya yi guda ɗaya mai tsawo da niyyar roƙa mini, tunda ni tawa ta ƙare. Ya ce zai yi.

Gwiwar ba ta lanƙwasa ba har yau. Kujerar roba tana nan a ƙarshen sahu, tumakin Binta ba su dawo ba, wani ne ke jan sallah. Yafiya ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wani mai mota a bayanmu ya danna oda. Alhaji ya saki birki, ya ce, "Malam, dama?"

Na leƙa. Wani tsoho ne a kan keke, da damin kara a baya, yana tahowa daidai ƙofar baya. Fitilar madubin ba ta kunna ba. Na juyo zan ce ya dakata, sai na tarar ya riga ya waiwaya, wuyansa a karkace, yana kallon tsohon ta gilashin baya. Muka jira tare har ya wuce.